Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana

Shekarar da 'yan bindiga suka tashi ƙauyen su Gwaggo, can bayan Dogon Dawa, ni aka ɗora wa nauyin nema mata ɗaki a Zariya, ita da jikokinta huɗu. Abin da muke nema bai taka kara ya karya ba: ɗaki guda da ɗan wuri a tsakar gida inda za ta kafa murhu. Na samu dillali, muka taka har gidan, ya buɗe ɗakin na duba, muka daidaita kuɗin haya da la'adarsa, har na zaro kafin alƙalami. Sai ya ce, "Af, Malam, ban tambaye ka ba. Mutanen daga ina suke?" Na ce daga ƙasar Birnin Gwari. Ya koma gefe ya yi waya, ya dawo yana sosa ƙeya. "Don Allah ka yi haƙuri, Malam. Ashe Alhaji ya riga ya yi wa wani alkawarin ɗakin."

Raina bai kwanta da maganar ba. Bayan kwana biyu na roƙi wani abokina, haifaffen birnin, ya je wurin dillalin nan ya ce yana neman ɗaki don ƙaninsa. Aka kai shi ɗakin da aka hana mu, a kan kuɗin da aka faɗa mini. Da ya dawo ya ba ni labari ban iya gaya wa Gwaggo ba. Tsohuwa ce da ta baro rumbunanta cike da masara, ta kwana biyu a daji da goyon jika, kuma babu dokar ƙasar nan da ta hana ta zama a Zariya. Kuɗinta ne kawai suka ƙi sayen abin da kuɗin wani za su saya.

Daga baya na karanta labarin wani mutum a Amurka da aka yi wa irin wannan, shi kuwa ya kai ƙara har Kotun Ƙolin ƙasarsu. Labarinsa ya faro shekara 100 kafin ya je ƙofar gidan da aka hana shi.

A 1865 yaƙin basasar Amurka ya ƙare, aka yi wa tsarin mulkinsu gyara na 13 wanda ya haramta bauta, mutum kusan miliyan 4 suka zama 'ya'ya. Tambayar farko da ta tarye su ita ce ta wurin kwana da wurin noma. A watan Janairun shekarar wani janar na sojan Arewa, William Sherman, ya ware filaye a gaɓar teku daga Karolina ta Kudu zuwa Fulorida, kowane gida eka 40. Mutum wajen 40,000 suka zauna, suka yi shuka. Kafin shekara ta fita Shugaba Andrew Johnson ya sa aka mayar da mafi yawan filayen ga iyayengijin da. Wanda aka 'yanta jiya sai ya koma gonar da ya bari yana noman raba-daidai, bashi na bin sa daga kaka zuwa kaka.

Majalisar dokokinsu ta ga inda aka dosa. A watan Afrilun 1866 ta kafa dokar 'yancin ɗan ƙasa, Johnson ya hau kujerar na-ƙi, majalisa ta tara rinjayen da ake bukata ta tsallake shi. A cikin dokar akwai jimla guda wadda ko ɗan firamare zai gane: kowane ɗan ƙasa yana da irin haƙƙin da farar fata yake da shi na ya gada, ya saya, ya kama haya, ya sayar, ya riƙe, ya miƙa dukiya, ta ƙasa da ta hannu. Jimlar nan tana cikin kundin dokokinsu har yau, ba a taɓa goge ta ba. Amma ta yi shekara 102 tana barci.

Hanyar da aka bi aka kwantar da ita ita ce abin lura a gare mu. Alƙalai suka ce irin waɗannan dokoki hukuma suke ɗaurewa, mutum da dukiyarsa kuwa yana da zaɓin wanda zai yi hulɗa da shi. A 1883 Kotun Ƙoli ta rushe wata doka ta 1875 da ta hana wariya a masaukai da jiragen ƙasa da gidajen kallo, da hujjar cewa ƙin karɓar baƙar fata a masauki ba shi da alaƙa da bauta. Daga nan aka samu ƙofar raɓewa. Birnin Luwisbil na jihar Kentaki ya kafa dokar raba unguwanni bisa launin fata, kotu ta rushe ta a 1917 tun da hukuma ce ta yi. Sai masu gidaje suka ɗauki aikin da hannunsu. Maƙwabta su taru su sa hannu a takardar yarjejeniya cewa babu wanda zai sayar wa baƙar fata gida ko ya ba shi haya, a liƙa sharaɗin a takardar mallakar gidan, ya bi gidan daga mai shi zuwa magajinsa zuwa wanda ya saya. Ƙungiyar dillalan gidaje ta ƙasar ta sa a ƙa'idojin sana'arta cewa kada dillali ya shigar da wani jinsi unguwar da zuwansa zai karya darajar gidaje. Duk wannan yana faruwa ne a daidai lokacin da baƙaƙen fata ke kwarara daga Kudu zuwa biranen Arewa da Yamma, mutum wajen miliyan 6 tsakanin 1916 da 1970, suna gudun kisan gilla da talauci. 'Yan gudun hijira ne a cikin ƙasarsu, kamar su Gwaggo.

Gwamnatin tarayya ma ba ta tsira ba. A shekarun 1930 wata hukumar lamunin gidaje ta zana taswirar birane sama da 200 da launi huɗu, ta shafa ja a kan unguwannin da ta ce ba da rance a cikinsu kasada ne, mafi yawan unguwannin baƙar fata suka faɗa cikin jan. Banki ya ƙi ba da rance, gida ya lalace babu kuɗin gyara, sai a nuna lalacewar a ce ga irin zaman mutanen nan.

A 1945 J.D. Shelley da matarsa Ethel suka sayi gida a titin Labadie cikin birnin Sant Luwis, ba su san akwai yarjejeniyar maƙwabta tun ta 1911 a kansa ba. Aka kai su ƙara a fitar da su. A 1948 Kotun Ƙoli ta ce kotu ba za ta tilasta irin wannan yarjejeniya ba, domin kotu hukuma ce. Nasara ce, amma rabinta: mai gida yana iya ci gaba da ƙin sayarwa, abin da aka hana shi kawai shi ne neman taimakon alƙali.

A 1965, a wajen birnin nan na Sant Luwis, Joseph Lee Jones da matarsa Barbara suka je sayen gida a wata sabuwar unguwa mai suna Paddock Woods. Shi baƙar fata ne, ita fara. Kamfanin Alfred H. Mayer da ya gina unguwar ya ƙi sayar musu saboda launin mijin. Lauyoyinsu suka kakkaɓe tsohuwar jimlar 1866 suka shiga kotu da ita. Kotun farko ta kore su, ta ɗaukaka ƙara ta kore su, duka da tsohuwar hujja: kamfani ba hukuma ba ne. Ana cikin haka Martin Luther King ya kai gwagwarmayarsa Shikago a 1966 a kan maganar gidaje, har aka jefe shi da dutse a ka a wata unguwar fararen fata. Aka saurari ƙarar Jones a farkon Afrilun 1968. Ranar 4 ga watan aka harbe King a Memfis, birane suka kama da wuta, ranar 11 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar adalci a harkar gidaje wadda ta daɗe tana maƙale a majalisa. Ranar 17 ga Yuni Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, alƙalai 7 suka goyi bayan Jones, 2 suka saɓa. Mai shari'a Potter Stewart, wanda ya rubuta hukuncin, ya ce gyara na 13 ya ba majalisa ikon kawar da bauta har da tabon da ta bari, kuma killace mutane a unguwa guda saboda launinsu yana cikin tabon. Ma'anar 'yanci a wurinsa ta haɗa da cewa dalar da ke hannun baƙi ta sayi abin da dalar da ke hannun fari za ta saya. Dokar 1866, in ji kotun, ta hau kan kowa, hukuma da ɗan kasuwa. Su Jones ba su taɓa shiga gidan ba, shekara uku na shari'a sun riga sun wuce da shi. Har yau kuma sama da kashi 70 cikin 100 na iyalan fararen Amurka suna zaune a gidan kansu, na baƙaƙe ba su kai rabi ba.

Wani zai ce wannan labarin Amurka ne, mu ina ruwanmu da launin fata. Ni kuwa da na karanta shi ƙasarmu na riƙa gani.

Dajin nan namu ya san bauta. A ƙarshen ƙarni na 19 mayaƙan Kwantagora, zamanin Umaru Nagwamatse da ɗansa Ibrahim, sun yi ta kai hari ƙasashen Gwarawa da Kamukawa, Birnin Gwari ma ba ta tsira ba. Waɗanda aka kama a nan sun ƙare a kasuwanni da rumada na garuruwa masu nisa. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa a wajen 1900 bayin da ke daular Sakkwato sun kai tsakanin miliyan 1 da miliyan 2 da rabi. A Giwa, maƙwabciyarmu ta gabas, wata tsohuwa da ake kira Baba ta zauna da Baturiya Mary Smith a 1949 da 1950 ta ba ta tarihin rayuwarta, aka buga shi da Turanci a 1954. A ciki ta bayyana rinjin gidansu a Karo, yadda bayi ke noman gandu da rana su koma gayaunarsu da yamma, da yadda rinjin ya girgiza bayan zuwan Turawa, wasu suka tafi, wasu suka zauna.

Me ya zaunar da waɗanda suka zauna? Sanarwar Gwamna Lugga ta 1901 ta hana harin kama bayi da cinikinsu, ta ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilun shekarar ɗa ne. Ba ta 'yanta waɗanda ke hannu ba. Turawa suna tsoron gonaki su zama kufai, sarakunan da suke mulki ta hannunsu su juya musu baya. Saboda haka aka karkata bayi zuwa ga fansar kai a gaban alƙali, mutum ya yi ta biyan murgu yana tara kuɗin kansa. Wanda ya gudu kuwa aka toshe masa hanyar samun gona a inda ya sauka, a ɗauke shi ɗan zaman banza. Paul Lovejoy da Jan Hogendorn sun bi wannan tarihin dalla-dalla a littafinsu na 1993. Sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Da ƙasa aka ɗaure 'yantaccen Amurka, da ƙasa aka ɗaure na Zazzau. Mutumin da ba shi da inda zai kafa bukka ba ya tafiya ko an kwance masa mari.

Kalmomin ma ba su bar mu ba. Fansa, wadda kakanninmu suka sani a gaban alƙali, yau ita muke tarawa a masallaci don a karɓo ɗan'uwa daga daji. Manomin da ke biyan 'yan bindiga kafin su bar shi ya shiga gonarsa, in ka ba tsoho labarinsa zai ce maka ai wannan murgu ne.

Dole a faɗi gaskiya, tarihinmu da nasu ba ɗaya ba ne. A nan launi bai raba bawa da ubangijinsa ba, ɗan ƙwarƙwara yana gadon sarauta, bayin sarki irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama a Kano sun riƙe ikon da 'ya'ya da yawa ba su taɓa mafarkinsa ba. Cucanawa sun saje, rumada da yawa sun zama garuruwa da dagatansu. Amma duk wanda ya taɓa zama cikin masu binciken aure ya san kalmar "asali" da yadda ake rage murya in za a faɗe ta. Akwai gidajen da har yanzu ake tuna musu cewa gonar da suke nomawa tun kakan kakansu aro ce.

Rabon unguwanni kuma a hukumance aka fara mana shi. Dokar garuruwa ta 1917 ta keɓe wa Turawa unguwarsu, aka bar fili yadi 440 tsakaninsu da 'yan ƙasa, wai don sauro. Mutanen Kudu aka ce Sabon Gari, 'yan Arewa baƙi aka ce Tudun Wada, 'yan gari suna cikin ganuwa. Zariya da Kano har yau da wannan zanen suke tafiya. Na Kaduna kuwa da idonmu muka ga an yi shi. Bayan rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002 mutane suka yi ta sayar da gidajensu da araha, wasu suka yi musaya, Musulmi suka tattara arewacin kogi, Kirista suka tattara kudu. Babu majalisar da ta zauna ta ce Rigasa ta waɗannan ce, Sabon Tasha ta waɗancan. Tsoro ne ya yi rabon, kuma tsoron yana da dalili, domin an kashe mutane a gidajensu. Amma shekara sama da 20 bayan haka, masu riƙe da iyakar su ne mai gida da dillali, da tambayar da suke yi kafin su miƙa makulli. Yaran da aka haifa bayan rabon sun girma ba su taɓa cin tuwon maƙwabcin da ba addininsu ɗaya ba.

Tsarin mulkinmu na 1999 yana da tasa jimlar 1866. Sashe na 43 ya ce kowane ɗan Nijeriya yana da haƙƙin saye da mallakar gida ko fili a ko'ina cikin ƙasar. Sashe na 41 ya ba shi damar zama inda ya so. Sashe na 42 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila ko mahaifa ko addini ko jinsi. Amma in ka karanta sakin farko na sashen da natsuwa za ka ga a kan doka da aikin hukuma yake magana, wato ramin da ya haɗiye dokar Amurka shekara 102 yana nan a tamu. Saki na biyu ya fi faɗi: kada a tauye wa ɗan ƙasa wani abu saboda yanayin haihuwarsa kawai. Da shi Kotun Ƙoli ta yi aiki a shari'ar Ukeje a 2014, ta ce al'adar da ke hana 'ya mace gadon mahaifinta a ƙasar Ibo ba ta da wurin zama. Ƙofar kenan a buɗe take ga lauyan da zai tura ta. Dokokin hayarmu sun fi ba da ƙarfi ga wa'adin tashi da yadda za a karɓi gida, ba mu da irin dokar 1968 da ta tsaya a kan wa za a ba da wa za a hana. Rijiya ta bayar, guga ya hana, kuma gugan ba ya tsoron kowa.

Laifi tudu ne. Na daɗe ina jin zafin dillalin Zariya kafin na yarda in dubi inda nake takawa.

Ranar 14 ga Oktoban 2012, da asuba, 'yan bindiga suka shigo Dogon Dawa suka kashe mutum sama da 20, da yawansu suna fitowa daga masallaci. A lokacin yawancin 'yan Nijeriya ba su taɓa jin sunan garin ba, ba su kuma san abin da ke tafe ba. Shekarun da suka biyo baya mun san su: Damari, Kuyello, Kakangi, Randagi, hanyar Funtuwa da ta Kaduna da mutum ke shiga da salati, gonakin da suka koma daji. Wanda maciji ya sara, in ya ga igiya sai ya yi tsalle. Amma a cikin tsallen nan mun taka mutanen da ba su sare mu ba. Akwai Fulanin da rugarsu ta fi shekara 40 a gefen garuruwanmu, matansu ke kawo mana nono, mu ke ba su dusa da karan dawa, shanunsu aka fara korawa tun kafin a taɓa namu. Da abu ya ɓaci, daji ya fi ƙarfinsu, suka nemi shigowa gari, a wurare da yawa aka ce ba a ba su ɗaki, ba a sayar musu fili, wani wurin ko kasuwa ba sa iya shiga saboda 'yan sa-kai. Mutumin da gari ya ƙi, daji kawai ya rage masa, dajin kuma yana da masu shi. Mun rufe ƙofa don mu tsira, muka ƙara wa waɗanda muke gudu 'yan aike.

Na san amsar da za a ba ni, don na ji ta daga bakin 'yan'uwana: infoma fa? Gaskiya ne, an yi garuruwan da baƙon da aka saukar ya nuna gidan da za a shiga. Mai gidan Zariya ma abin da ya ji tsoro kenan game da mu. Amma infoman da aka kama a ƙasar nan sun haɗa da 'yan gari haifaffu, masu kai burodi da man fetur daji, waɗanda babu mai tambayarsu asali. Tambayar "daga ina kake" ba ta kama ɓarawo. Tana dai kama tsohuwa da jikoki huɗu. Muna da tsohuwar hanyar da ta fi ta aiki: baƙo ya sauka a hannun mai unguwa, a san sana'arsa, a samu wanda zai tsaya masa, a rubuta. Wannan bincike ne a kan mutum guda da halinsa, kuma kowane baƙo za a yi wa shi, Bahaushe da Bafulatani da Bagwari, ɗan Kuyello da ɗan Kano. Mu da muke karanta yadda mutanen Madina suka raba gidajensu da gonakin dabinonsu da waɗanda suka yi hijira daga Makka bai kamata a koya mana saukar baƙo daga Amurka ba. Abin da za mu ɗauko daga can shi ne yadda ake kama mai hanawa.

Domin wariyar gida ba ta da shaida. Ba wanda zai ce maka "na hana ka don kai ɗan wuri kaza ne." Cewa za a yi an riga an kama. Ƙungiyoyin Amurka suka gano maganin abin: a tura mutum biyu masu kuɗi ɗaya da bukata ɗaya, bambancinsu launi kawai, kowa ya rubuta abin da aka gaya masa. A 1978, a yankin Ricimon na jihar Bajiniya, wata baƙar fata mai suna Sylvia Coleman da wani fari mai suna Kent Willis suka yi ta zuwa wani kamfanin haya. Ita a ce mata babu ɗaki, shi a ce masa akwai. A 1982 Kotun Ƙoli ta ce Coleman tana da ikon kai ƙara ko da ba ta yi niyyar kama ɗakin ba, domin ƙaryar da aka yi mata ita kanta cuta ce. Abin da ni da abokina muka yi a Zariya kenan ba tare da mun san yana da suna ba, sai dai mu ba mu da inda za mu kai sakamakon. Majalisar dokokin jihar Kaduna tana iya buɗe wannan wurin da doka mai shafi kaɗan: laifi ne mai gida ko dillali ya hana haya ko saye saboda ƙabila, addini, garin da mutum ya fito ko asalin gidansu, kuma shaidar masu gwaji karɓaɓɓiya ce. Ƙungiyoyin dillalai, da suke da shugabanni a kowace unguwa, suna iya sa wannan a ƙa'idarsu tun kafin majalisa ta motsa, kamar yadda takwarorinsu na Amurka suka taɓa sa kishiyarsa.

A ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari, aka yi zaman sulhu, aka buɗe kasuwar kara da ta yi wajen shekara 10 a rufe. Motocin shanu da na masara suka dawo hanya. Mutane suna komawa kufansu, wani ya tarar an noma gonarsa, wani ya tarar da baƙo a ɗakinsa, wanda shi ma koro shi aka yi daga wani wurin. Duk waɗannan ƙararrakin a zauren mai unguwa da na dagaci za su ƙare, kuma a can za a san ko sulhun ya sauko daga kan mumbarin taro. Dokar filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar mallaka ta gargajiya a karkara. Wanda ya fi kowa bukatar takardar nan shi ne wanda za a iya ce wa gobe "ai ku aro aka ba ku": jikan mutanen rinji, da makiyayin da ya zauna, da bazawarar da ta dawo ba mijin da zai yi magana a madadinta.

Gwaggo ta samu ɗaki a ƙarshe, a gidan wata tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli wadda tambayarta guda ce, ko yaran sun ci abinci. Ta yi shekara uku a can kafin ta koma gida.

Watan jiya Yaya ya kira ni daga Dogon Dawa. Akwai ɗan filinmu na gado a bayan gida, wani Bafulatani da mahaifinsa ya yi wa Babanmu kiwo shekara da shekaru ya zo yana so ya saya, ya gina ɗaki biyu ya sa 'ya'yansa a makaranta. Maƙwabta biyu sun je sun sami Yaya da dare. Ya ce, "To, kai me ka gani?" Na tambaye shi ko akwai wanda ya taɓa jin wani abu a kan mutumin. Ya ce babu, sai dai abin da ka sani. Na ce, "Yaya, a je gaban mai unguwa da shaidu, a kira maƙwabtan nan biyu su zauna a wurin, a rubuta takarda. Kuɗin da za ka sayar wa kowa, shi za ka sayar masa." Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke. Sannan ya ce zai je wurin mai unguwa ranar Juma'a bayan an sauko.